Minti Goma Sha Biyu a Tashar Ƙarshe

A garejin bas-bas na birni babu mai kiransa da sunansa sai takardar aiki, ita kuwa ba baki gare ta ba. Kan-Lokaci ake ce masa. Shekara ashirin da shida yana jan bas a layi na tara, daga bakin kasuwa zuwa bayan asibiti, tasha goma sha bakwai, bai taɓa tsallake ɗaya ba ko da kare ne kaɗai a tsaye a wurin. Akwai matan da wucewarsa ce agogonsu na ɗora tukunya. In kuwa ka taho da gudu kana ɗaga hannu bayan ya rufe ƙofa, to motsa jini ka yi. Zai dube ka ta madubi, ya gyaɗa maka kai cikin ladabi, ya taka mota.

Wannan gyaɗa kai ita ce duk hirar da bawan Allah ya iya. Fasinja ya zage shi, ya gyaɗa kai. Tsohuwa ta tsaya masa a ka tana ba shi tarihin gwiwarta daga tasha ta uku har ta goma, ya gyaɗa kai. Ba ji ya yi ba, ba kuma zai ce a maimaita ba. Shekara da shekaru abin yana yi masa aiki, har ya ɗauka yare ne.

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na uku, da wata 'yar baranda inda ake shanya. Matarsa tela ce, keken ɗinkinta a bakin taga, bakinta kuwa ya fi almakashinta kaifi. Maman Injiniya ake kiranta, don ɗansu guda ɗaya, wanda tun yana shekara bakwai ya kwance rediyon gidan kaca-kaca wai yana neman mutanen da ke ciki. Daga ranar ya zama Injiniya, kuma bai ba sunan kunya ba. Ya sami gurbin karatu a Rasha, ya gama, ya kama aiki a wata masana'anta, ya auri 'yar can. Sau ɗaya ya zo gida. Da aka haifa masa 'ya, hoton farko da ya turo an naɗe ta kamar ƙunshin kaya a tsakiyar farin sanyin nan nasu, Maman Injiniya ta duba ta ce, "Wannan ai Ƙanƙara ce." Sunan ya zauna.

Duk Lahadi bayan azahar ake kiran bidiyo. A jingina waya da gwangwanin zare, tsofaffi su matsu a bakin gado, Injiniya a can yana tsakiya yana tafinta. Yarinya ta yi surutunta, ya juya musu. Uwarsa ta yi tsiyarta, ya tace rabi ya juya wa matarsa sauran. Kan-Lokaci yana gefe yana gyaɗa kai, kowa ya tashi da farin ciki.

Wata Talata zuciyar Injiniya ta tsaya yana bakin aiki. Shekararsa talatin da huɗu. Kafin a gama gane wace takarda ake nema don tafiya, an riga an binne shi a can. Kan-Lokaci ya zauna kwana uku a gida yana karɓar gaisuwa, rana ta huɗu ƙarfe shida yana kan sitiyari.

Lahadi ta uku bayan rasuwar, waya ta yi ƙara a lokacin da ta saba. Surukarsu ce, idanu a kumbure. Ta ɗaga musu hannu, ta matsa gefe. Ƙanƙara ta cika fuskar wayar: shekara biyar, gashi a birkice, goshin ubanta sak. Ta nuna musu wani zane, mota ce ko gida, Allah kaɗai ya sani. Sai ta kafe kakanta da ido ta yi masa tambaya. Bai ji ko ɗigo ba. Ta sake. Ta sake ta uku, murya ta soma rawa. To shi me ya iya? Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ɗora da kalma ɗaya tilo da ya sani a yarensu, wadda ke nufin "eh". Har sau biyu ya faɗa, don a ga ƙoƙarinsa.

Yarinya ta daka tsalle. Ta manna fuska a waya tana leƙen bayan kafaɗarsa, tana ƙwala kiran wata kalma da ba a buƙatar tafinta kafin a gane ta. Uwar ta fizge wayar. Suka ji kuka ya ɓarke, layi ya yanke.

Da la'asar saƙo ya shigo, waya ta fassara shi da irin Hausarta mai ɗingishi. Abin da yarinya ta tambaya shi ne: Babana yana wurinku? Domin ubanta ya sha gaya mata wata rana zai je ganin babansa. Sati uku ana lallaɓa ta ta yarda ba zai dawo ba, kakanta ya rushe aikin da kaɗa kai ɗaya. Surukar ta ce ba laifi take ɗora wa kowa ba, ta san bai ji ba.

Kan-Lokaci ya karanta sau biyu. Ya tashi ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, ya tono wani littafi mai koren bango da Injiniya ya bari a zuwansa ɗaya: littafin koyon Rashanci na ɗaliban shekarar farko, darasi arba'in.

"Ba zan sake tsayawa gaban yarinyar nan ba," in ji shi, "sai ina jin abin da take faɗa."

"To ka tsaya ka kama bakinka mana," in ji Maman Injiniya, hanci ya yi ja don kuka. "Ka kuma riƙe wannan kan naka da ke yi kamar na ƙadangare. Shi ke nan magana ta ƙare."

"Darasi arba'in ne. In na gama zan fito."

"Ikon Allah. Jikar taka bas ce, sai lokaci ya cika za ka buɗe mata ƙofa?"

Ya gyaɗa kai. Ta jefe shi da ƙyalle.

Mutumin da ke fita kafin shida ya dawo bayan shida, kwana shida a sati, ba shi da wani lokaci da ake kira nasa. In ya shigo gida ƙafa ta kumbura, baya ya sandare, ido yana ganin titi ko ya rufe shi. Abin da yake da shi kawai shi ne tashar ƙarshe. Can bayan katangar asibiti akwai fili mai bishiya ɗaya, famfo ɗaya, da rumfar Mai Jadawali, wani gajeren mutum mai biro a bayan kunne da agogo biyu a hannu. Duk bas ɗin da ta iso tana hutawa minti goma sha biyu kafin ta juya. Sau biyar yake isa can a yini. Ɗaya na bayan gida, ɗaya na abinci, ɗaya na salla. Saura biyu: na ƙarfe goma da na ƙarfe huɗu. Waɗannan ya ba Rashanci.

Ya kai wayarsa shago aka zuba masa muryoyin da ke tafiya da littafin, ya sayi abin kunne. Ba ya saka shi yana tuƙi, doka ta hana, shi kuma da doka kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Yana isa zai sauke fasinja, ya rufe ƙofa, ya taka zuwa kujerar baya, ya buɗe littafi a kan gwiwa. Masu jiran mota suna tsaye a rana suna kallon dattijo ta gilashi yana murguɗa baki shi kaɗai.

Baƙaƙen ma kafin ya saba da su ya sha wuya. Wasu sun juya baya kamar masu fushi, wani kamar gizo-gizo an taka shi, wani kamar ƙofar gareji. Kalmomin kuwa sai ka rantse an cika wa mai faɗa baki da tsakuwa. Mai Jadawali ya leƙo wata rana ya ji shi yana kokawa da wata mai tsawo.

"Kan-Lokaci, lafiya? In ƙashi ne ya maƙale maka ga asibiti nan."

"Karatu nake."

"Da wane aljanin?"

"Rashanci ne."

"Tabɗi! Ashe ɗan leƙen asiri muke ba mota. To Farfesa, saura maka minti huɗu, ka ce wa mutanen naka sai an jima."

Ya tsara abin kamar yadda ya san ana tsara komai a duniya, wato kamar layi na tara. Kowane darasi kwana goma sha biyu na aiki. Ba a shiga na gaba sai ya iya karanta na baya da ka, littafi a rufe. Ya yanko kwali ya ja masa layuka, ya maƙale a bayan abin tare rana da ke saman gilashi, kullum ya yi karatu ya soke gida ɗaya da biro. In kuwa rana ɗaya ta kuɓuce, darasin ya koma farko. Ba wanda ya ɗora masa wannan doka. A wurinsa, direban da ya tsallake tasha bai yi layi ba, yawo ya yi.

Littafin na ɗalibai ne, don haka abin ɗalibai ya koya. Cikin wata uku ya iya cewa a ɗakinsa akwai tebur da kujera da fitila. Ya iya tambayar ina ɗakin karatu yake a garin da ba zai taɓa takawa ba. A gefen shafuka kuma akwai rubutun Injiniya da fensir, ƙanana, da Hausa. "Wannan sai a hankali." "Malamar nan ba ta dariya." "Yunwa." A darasi na tara, ƙasan wani jerin sunayen 'yan uwa, uwa da uba da kaka, yaron ya rubuta, "Baba yanzu yana tasha ta goma sha ɗaya." Ranar Kan-Lokaci ya goge fuska da tsumman goge gilashi, ya tashi da baƙin mai a kumatu. Amma ƙarfe goma da minti goma sha biyu mota ta tashi.

Ita kuwa Maman Injiniya ba ta fasa Lahadinta ba. Ba ta san ko "sannu" da Rashanci ba, ba ta kuma da niyyar sani. Waya na ƙara za ta jingina ta da gwangwanin zare, ta cafko magen gidan, wata ƙatuwar malalaciya mai ido ɗaya da rabi, ta ɗaura mata hular jarirai. Ta taka keke ya yi ta ƙara yarinya na kallo. Ta ɗinka 'yar riga a gabanta ta saka wa cokali.

"Ke Ƙanƙara, wa ya gyara miki kan nan kamar kaza ta yi tono? Uwarki ba ta da mataji ne? Matso in gani. Kai! Haƙori ya tafi yawo!"

Yarinya ba ta jin ko ɗaya, amma sai ta faɗi don dariya. Ita ma ta zuba nata surutun, tsohuwa ta ce, "Ƙarya kike, ja'ira," su sake fashewa. Har "mage" ta iya faɗa, da "kai!"

Duk wannan Kan-Lokaci yana tsaye a bayan labulen ƙofa, inda waya ba ta hango shi, kunne a miƙe. Yana cafke kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai kama ƙuda da hannu: ja, gobe, makaranta, ba na so. Matar ta waiwayo ta yafito shi. Ya kaɗa kai, ya nuna mata da yatsu abin da ya rage.

A wata na bakwai surukar ta turo saƙo. Yarinya tana tambayar kakanta mai bas, in ji ta. Ba sai ya yi magana ba, ya zo ya zauna kawai ta gan shi. Kan-Lokaci ya kwashe hutunsa biyu na ranar yana haɗa amsa, karo na farko da ya rubuta Rashanci zuwa ga mai rai: "Ina koyo. Zan zo. Saura darasi ashirin da biyar." Ya duba babu kuskure, ya tura. Ranar har fito ya riƙa yi da baki a kan hanya. Ya ga kansa namijin duniya.

Karatu ya ci gaba, kuma a gaskiya ba a taɓa ganin naci irin nasa ba. An yi ruwan da ya cinye titin kasuwa, ya iso tashar ƙarshe saura minti uku, ya yi karatun minti uku a tsaye. Mota ta mutu masa a tasha ta takwas, yana jiran makanike yana bita. Zazzaɓi ya kama shi, yana rawar ɗari a kujerar baya yana faɗin kwanakin mako. Direbobi suka daina dariya, suka koma nuna shi ga 'ya'yansu malalata.

Rana ɗaya tak ya rasa. Yana darasi na ashirin da uku, ya ci kwana goma sha ɗaya, aka kira shi daga gida: Maman Injiniya ta yanke jiki ta faɗi a kan keke, sukari ya hau. Yini guda yana tsakanin ɗakin gwaji da wurin karɓar magani. Washegari ta farfaɗo ta gan shi a kan benci kusa da gadonta, ya buɗe shafin farko na darasin.

"Ba jiya ka ce saura kwana ɗaya ka gama wannan ba?"

"Jiya ban yi ba. Ya koma farko."

"Au, kwana goma sha ɗaya ka zubar don na suma? Yi haƙuri, Baban Injiniya, ban duba jadawalinka ba. Wani karon ranar hutu zan faɗi."

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke ɗiga a robar hannunta, sannan ta yi magana ba da muryar tsiya ba.

"Haƙoranta biyu sun faɗi, sababbi sun fito, kana bayan labule. Ta shiga makaranta, kana bayan labule. Kai ka ɗauka inda ka bar ta nan za ka dawo ka same ta tana ɗaga maka hannu? Jiya da na tafi fa? Wa zai ɗauki wayar nan ranar Lahadi?"

"Saura goma sha takwas."

"Allah ya shirye ka. Ba ni ruwa."

Bayan an sallame ta kiran ya soma sirancewa. Daga duk Lahadi ya koma bayan sati biyu. Daga rabin awa ya koma minti goma. Wata rana labulen da ke bayan yarinya ya canja launi, taga ta koma wani gefen, alamar sun tashi daga gidan da. Saƙonnin surukar ba su sake ambaton kaka mai bas ba. Kan-Lokaci ya lura. Direba yana sanin fasinjan da ya daina fitowa, ko bai san sunansa ba. Da ya iso darasi na talatin da ɗaya ya ga shi da biyun da ke binsa duk a kan gidan waya ne da gidan tarihi da sayen tikitin jirgin ƙasa. Ya riƙe shafukan uku tsakanin yatsu biyu, ya juya su gaba ɗaya, ya kalli darasi na talatin da huɗu. Sati shida ke nan a hannunsa, babu mai gani sai shi. Ya yi minti goma sha biyu cur a haka. Da Mai Jadawali ya buga masa jikin mota, ya mayar da shafukan, ya fara da gidan waya.

Wata Alhamis, wata ashirin bayan ranar da ya buɗe akwati, ya soke gida na ƙarshe a kwalinsa na huɗu. Juma'a da Asabar ya haɗa jawabinsa, jimla biyar, ya haddace. Ya gwada a kan Mai Jadawali, wanda ya cire biro daga kunne ya tafa masa.

"Ban ji komai ba, Farfesa, amma ko ni aka gaya wa haka zan yafe."

Ranar Lahadi ya yi aski, ya goge rigar aiki ya saka har da hular, don yarinya ta gane kaka mai bas. Maman Injiniya ta dube shi sama da ƙasa.

"Bari in fara da mage, in ta saki jiki sai ka shigo."

"A'a. Ni zan fara."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe. Rabon da ta yi haka tun tana amarya. Ta jingina wayar ta koma gefe.

Yarinyar da ta bayyana ba ita ce ya bari ba. Ta yi tsawo, fuska ta zama doguwa, an ɗaure gashi tsaf. Goshin ne kaɗai bai canja ba. Kan-Lokaci ya gyara zama, ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya fara, a hankali, kowace kalma a mazauninta.

"Sannu, jikata. Ni ne baban babanki. Da kina ƙarama kin yi mini tambaya, ban ji ba, na ce eh. Babanki ba ya wurina. Ki yafe mini."

Ta saurare shi har ƙarshe, 'yar tarbiyya ce. Sannan ta juya kai gefe ta yi magana, tar, kamar muryar da ke cikin abin kunnensa.

"Mama, wane ne wannan? Ina kaka mai mage?"

Ya ji. Duka ya ji, babu kalmar da ta wuce shi. Rabin farko darasi na biyu ne, sauran na biyar. Aka yi mata raɗa daga gefe. Ta juyo ta gaishe shi irin gaisuwar da ake koya wa yara su yi wa baƙin uwarsu. Sai ta ɗan yi tunani, da alama ta ga dattijon nan ya rikice kuma tana son ta taimake shi.

"Babana yana kicin," in ji ta. "In kira shi?"

Darasi na goma sha biyu, ɗakunan gida. Daga can ciki ya ji ƙarar murfin tukunya da tarin namiji.

Wuyansa ya motsa da kansa, zai yi abin da ya saba. Ya riƙe shi. Ya ji jijiyar ƙeyarsa ta ɗaure kamar birkin hannu.

"A'a," in ji shi da Rashanci. "Bar shi ya yi aikinsa. Ki gaishe shi."

Surukar ta shigo fuskar wayar, ta yi ja har kunne. Ta yi masa magana a hankali, kalma-kalma. Ta yi aure wata huɗu da suka wuce. Mutumin kirki ne. Yarinya ta san tana da uba na farko, hotonsa na ɗakinta, amma ta yi ƙanƙanta a lokacin, waccan ranar ma ba ta tuna ta ba. "Ka iya sosai," in ji ta, hawaye na zuba. "Kamar shi kake magana." Wannan ma ya ji.

"Me suka ce?" in ji Maman Injiniya.

"Tana neman mage."

Tsohuwa ta ture shi da kafaɗa, ta ɗaga mage da hularta. Yarinya ta yi ihu, "Kai! Mage!" Aka yi minti shida ana shirme, aka kashe.

Maman Injiniya ta ɗora mage a cinya. Ta cire wa mage hula, ta ninke.

"Ka dai ji, ko? Ni wata huɗu ke nan na sani. Takalmin namiji na hango a bakin ƙofarsu, ƙato. Idon tela ba ya buƙatar darasi arba'in."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ce ka fito. Sau nawa na ce ka fito? Ka nuna mini yatsu tara."

Ya cire hular aiki ya ɗora a kan gwiwa. Bai gyaɗa kai ba.

Sati uku suka wuce kafin waya ta sake ƙara. Wannan karon ba labule, ba rigar aiki. Yana bakin gado da singileti, an ba shi aikin riƙe mage da na tafinta. Maman Injiniya ta ce a gaya wa ja'irar nan wuyanta ya yi tsawo kamar na zalɓe, ya tace rabi ya ce kakarta ta ce ta girma. Yarinya tana amsa masa a ladabce, idonta na kan mage. Can, ba zato, ta dube shi.

"Babana na hoto, da yana ƙarami, me yake yi?"

Amsar na bakinsa: ya kwance rediyo yana neman mutanen ciki. Ya laluba darasi arba'in kaf, akwai rediyo, akwai mutane, babu kwancewa. Ɗaliban shekarar farko ba sa kwance komai. Ya ce mata, "Jira. Minti ɗaya." Ya ajiye mage, ya ruga ɗaya ɗakin, ya hau kujera, ya shiga sauke kaya daga saman kabad. Tsohon rediyon na can ƙarshe a cikin leda, bayansa a buɗe, kusoshin a ɗaure a ƙyalle tun shekara kusan talatin.

Da ya dawo da shi a rungume, ƙura har gira, fuskar wayar ta yi baƙi.

"An kira ta cin abinci," in ji Maman Injiniya. "Ta ce sai wani lokaci. Ko ma dai me ta ce, ta ɗaga hannu."

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da rediyo.

"To tsayuwar me kake kamar an dasa ka? Ajiye shi nan kusa, kada su kira ka sake cewa minti ɗaya."

Ya ajiye shi a jikin gwangwanin zare. Washegari ƙarfe goma, a kujerar baya, ya nemi kalmar kwancewa a waya, ya rubuta ta da fensir a gefen shafin ƙarshe, ya ƙara da kusa, da murfi, da duka, don uwar yaron ta doke shi ranar. Rediyon yana nan inda ya ajiye shi. Kullum Maman Injiniya sai ta ɗaga shi ta goge ƙasansa tana mita ya tare mata wurin almakashi, ta mayar da shi daidai inda yake. Lahadi biyu ke nan ba a kira ba.